Gawa a Bayan Mota

A Valparaíso, kan tudun da ke leƙen teku,
gidan hayar Doña Eduvigis talabijin guda gare shi.
Daren Alhamis, in an kwashe kwanukan kifi,
mu biyar ke jeruwa: kujera huɗu da akwati ɗaya.

Shirin na wata mai koyar da tuƙi ne.
Garin yin ribas ta take mai bin ta bashi,
ta naɗe shi a labule, ta cusa a but.
Mako tara ke nan ɗalibai na zaga gari da shi,
suna koyon birki, shi yana gungurawa a baya.

Fresia nas ce, a ɗakin da ba a cika fita da ƙafa ba.
Dariya take har sai ta dafe ciki.
"Ni da kan rufe idon mutum biyu kafin gari ya waye,
in ban yi wa mutuwa gwalo ba, da me zan rama?
Hawayena sun ƙare tun shekarata ta farko a jinya."

Don Baldomero, tsohon ɗan sanda, tsaki yake ja.
"Wane sufeto ne zai yi awa guda a motar nan
hancinsa bai tsegunta masa komai ba?
Mu a zamaninmu..." Sai ya gyara tabarau.
Kullum nan maganar ke tsaya masa a wuya.

Lautaro ɗan jami'a, shi ne na kan akwati.
Wai mu duka kallon kitse muke wa rogo:
gawar nan bashi ce, kowa na tuƙi da tasa.
Fresia ta jefe shi da ɓawon lemo:
"Biya hayar wata uku, sannan ka koya mana duniya."

Ni direban bas ne, ba ni da zurfi.
Abin da ke ci mini rai, matar ba ta duba madubi.
Ina dariyar dai, tana kuɓuce mini,
sai in ji ta bar ɗaci a harshe
kamar na sha shayi a kofin da aka zuba miya.

Mai gidan kuwa saƙa take, ba ta ko murmushi.
"Shirin banza," in ji ta. Amma ita ke kunnawa.

Ran nan uwar mamacin ta fito,
tana bin ƙofa-ƙofa da hotonsa a jaka.
Mai koyar da tuƙi ta rage mata hanya.
Tsohuwa ta zauna a kujerar baya, mota ta faɗa rami,
wani abu ya buga ƙum.
Ta ce, "'Yata, dankali kika sayo?"
Fresia ta fashe, sai ta haɗiye sauran.
Ƙarar allurar saƙa ce ta ɗauke, shi muka jiya.

"Taƙi ɗaya tsakaninta da ɗanta," in ji Doña Eduvigis.
"Nawa Anselmo, mota ce ta zo masa da dare.
Ina da talatin a lokacin. Ku dubi kaina yanzu.
Ba irin motar da ban shiga ba a garin nan,
kuma kowacce sai na kasa kunne baya."

Don Baldomero ya miƙe, wai zai duba buta.
Butar ba ta kan wuta.
Muka ji takunsa ya wuce kicin, ya hau bene.
A akwatin talabijin ana ta kiɗa mai daɗi,
sunaye na hawa sama, ba mai karanta ko ɗaya.

Na ce ko mu koma kallon ƙwallo mako mai zuwa.
Ta harare ni ta saman zare.
"Kai ka ji na ce a kashe?
Ku yi dariyarku, ba ta taɓa ni.
Ni ranar da za a buɗe but ɗin nake jira,
in ga yadda ake yi da fuska, in an samu."

Har yau ba a buɗe ba.
Fresia na cewa ya fi da daɗi, Lautaro na cewa ya lalace.
Don Baldomero a ɗaki yake cin kifinsa.
Kujera huɗu ta ishe mu yanzu,
akwatin ya koma lungu, an ɗora masa tsintsiya.